Naman daji a gidajen abincin Faransa da kaka: daga ina yake, kuma da me ake dafa shi?

Me ya sa ƙasar da mafarautanta ke kashe aladen daji wajen dubu 800 da ƙananan barewa wajen dubu 600 a shekara take sayo naman daji daga Poland da Ajantina da Niyu Zilan? Wannan tambaya takan taso a Faransa duk shekara idan Oktoba ta kama, lokacin da ƙananan gidajen abincin unguwa da ake kira bistro suke goge allunansu su rubuta kalmar gibier da alli. Baƙo, ɗalibi ne daga Yamai ko ɗan kasuwa daga Kano, idan ya ga kalmar sai ya ɗauka maharbi ne ya shigo da nama ta ƙofar baya da sassafe, aka feɗe aka gasa. Faransawan ma da yawa haka suke zato. Kalmar kuwa ba ta faɗa maka ko dabbar a daji ta girma, ba ta faɗa maka ƙasar da aka harbe ta, kuma ba ta faɗa maka abin da aka zuba a tukunya tare da ita. Wannan na ƙarshen shi ya fi shafar duk wanda ke kiyaye abin da zai kai bakinsa.

Me ake nufi da gibier?

Gibier shi ne duk dabbar da ake farauta don ci. Masu girki sun raba shi biyu, mai gashi da mai fiffike. A cikin masu gashi akwai chevreuil, ƙaramar barewar Turai mai nauyin kilo 20 zuwa 25, wadda namanta ya fi na kowa laushi. Akwai cerf, babbar barewa mai ƙaho kamar rassan itace, wadda namijinta kan haura kilo 150, macen kuma biche ake ce mata. Akwai lièvre, zomon daji mai baƙin nama. Sai sanglier, wato aladen daji. Ɗansa da bai kai wata shida ba sunansa marcassin, kuma sunan yakan ruɗi baƙo don ba ya kama da na uwarsa ko kaɗan. Duk inda aka ga ɗaya daga cikin sunayen nan biyu, alade ne.

Masu fiffike sun haɗa da faisan, tsuntsu mai dogon wutsiya da ya kusa zabo girma, da perdrix mai kama da makwarwa, da colvert wato agwagwar ruwa mai koren kai, da palombe, hasbiyar daji da ke ratsa kudu maso yammacin ƙasar garke-garke a watan Oktoba a kan hanyarta ta zuwa Sifaniya. Tsuntsun grouse da ake gani a allunan Paris tun ƙarshen Agusta daga Sikotland take zuwa, inda ake buɗe farautarta ran 12 ga Agusta.

Akwai tsuntsayen da doka ta yarda a harbe amma ta hana a sayar. Bécasse, mai dogon baki da mafarauta ke ji da ita fiye da kowane tsuntsu, tana cikinsu: maharbi zai ci da iyalinsa, zai yi kyauta, amma gidan abinci ba zai sa mata kuɗi ba. Ɗan tsuntsun nan ortolan kuwa tun 1999 aka haramta kama shi gaba ɗaya.

Me ya sa sai da kaka?

Doka ce ta fara yanke lokacin. Wakilin gwamnati a kowace gunduma shi ke sanar da ranar buɗe farauta, yawanci wata Lahadi ce a cikin Satumba, kudu na riga arewa, a rufe ƙarshen Fabrairu. Zomo da makwarwa lokacinsu ya fi haka gajarta, a wurare da dama makonni kaɗan ne. Shi ya sa allon bistro ke cika da naman daji daga Oktoba zuwa Disamba, ya fara raguwa a Janairu.

Yanayin dabbar ma ya dace da lokacin. 'Ya'yan bana sun girma, an girbe alkama da masara, dabbobi sun ƙoshi da hatsin da ya zube da 'ya'yan itatuwan daji. Sanyi ya shigo, nama ba ya saurin lalacewa tsakanin daji da ɗakin sanyi. Abubuwan da ake haɗawa da shi su ma a lokacin suke nuna: marron, ɗan itacen da ɗanɗanonsa ya yi kusa da dankalin Hausa, da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, da kabeji, da tuffa.

Sai tarihi. Kafin juyin juya halin 1789 farauta haƙƙin sarakuna da masu sarauta ne, talaka yana kallo barewa na cin gonarsa ba shi da ikon taɓa ta. A daren 4 ga Agusta na wannan shekara aka soke wannan gata. Tun daga nan zomo a tukunyar manomi ya zama abin alfahari, kuma har yau wannan alfahari yana cikin abin da bistro ke sayarwa.

Dabbobi sun yi yawa, naman kuma daga waje

A farkon shekarun 1970 aladen dajin da ake kashewa a Faransa ba su kai dubu 50 a shekara ba. Mafarauta a tsakiyar waɗannan shekaru sun haura miliyan biyu, yau kuwa suna wajen miliyan ɗaya. Wato masu harbi sun ragu da rabi, aladun da ake kashewa sun ninka fiye da sau goma sha biyar. Gonakin masara sun yawaita, sanyin hunturu ya yi sauƙi, dazuzzuka sun faɗaɗa, kuma shekara da shekaru wasu ƙungiyoyin farauta suna zuba wa aladun hatsi, suna ƙyale matan don su hayayyafa. Ƙungiyoyin mafarauta su ke biyan manoma diyyar ɓarnar gona, kuɗin da ke kai gomman miliyoyin Yuro duk shekara.

To ina naman yake tafiya? Akasarinsa ba ya shiga kasuwa. Da yamma bayan farauta ake feɗewa a kasa shi kashi-kashi, kowa ya tafi da rabonsa, ya cika firizarsa, ya aika wa maƙwabta. Kai nama kasuwa yana da ɗawainiya. Dole wani maharbi da aka horar ya duba gawar da kayan cikinta ya cike takarda. Dole a sanyaya babbar dabba zuwa digiri 7, ƙarama zuwa digiri 4. Maharbi na iya sayar wa gidan abinci kai tsaye, amma da sharaɗin kada nisa ya wuce kilomita 80, kuma ya kai dabbar ɗungurungum da fatarta ko gashinta. Ƙaramin bistro mai ɗakin girki kamar shago ba shi da inda zai rataye barewa ya feɗe. Masana'antun da aka ba izinin yanka naman daji su tattara shi kuwa kaɗan ne a ƙasar.

Mai abincin yana son cinya ashirin masu nauyi ɗaya ranar Talata, a naɗe, da takardunsu. Wanda zai iya cika masa wannan shi ne dillali a kasuwar Rungis da ke kudancin Paris, wadda ta gaji tsohuwar kasuwar tsakiyar birnin a 1969. Dillalin kuma inda kaya suke da yawa da araha yake nufa: barewa da alade daga gabashin Turai da Sifaniya, zomo daskararre daga Ajantina, babbar barewa daga Niyu Zilan, inda kiwonta ake yi a makiyaya mai shinge kamar tumaki.

Tsuntsaye nasu labarin daban ne. Noman zamani ya tumɓuke shingayen itatuwa da ke tsakanin gonaki, maganin feshi ya rage ƙwarin da 'yan tsaki ke ci, makwarwar daji ta yi ƙaranci. Don cike gurbi ana kiwon miliyoyin faisan da makwarwa a keji a sake su a fili, wani lokaci kwanaki kaɗan kafin farauta. Tsuntsun da aka harbe haka sunansa gibier a doka, amma namansa fari ne, ɗanɗanonsa bai yi nisa da na kaza ba. Idan allo ya ƙara kalmar sauvage, ana nufin na daji. Idan ya ce de chasse française, a Faransa aka harbe shi. Inda bai ce komai ba, tambaya ce kawai za ta fitar da gaskiya, kuma mai abincin da ya san kayansa ba ya jin haushinta.

Matsalar naman: ba shi da kitse

Duk dabarun girkin nan daga abu ɗaya suka taso. Dabbar daji tana yini tana gudu, tsokarta baƙa ce, jijiya ta yi mata yawa, kitse kuma babu a tsakanin naman. Naman sa idan ya ɗan wuce wuta kitsensa yakan rufa masa asiri. Na barewa minti biyu suka isa su mayar da shi busasshe mai ɗanɗanon hanta.

Don haka ake raba dabba biyu. Naman gadon baya da na saman cinya gajeriyar wuta suke so: a fito da su daga firiji rabin awa kafin girki, a tsane su da tsumma, a sa a kasko mai zafi da bota minti biyu zuwa uku kowane gefe, a sauke idan zafin tsakiya ya kai digiri 55 ko kusa da haka, a bar shi ya huta gwargwadon lokacin da ya yi a wuta. Wanda ya yanka nan take zai ga ruwan naman ya malale a faranti. Kafaɗa da wuya da ƙwauri kuwa doguwar dahuwa suke so, awa biyu da rabi zuwa uku a oban mai digiri 150, tukunya a rufe, ruwan yana motsi kaɗan-kaɗan. Idan ya tafasa da ƙarfi zaren naman ya matse ya fitar da ruwansa, sai a samu nama a cikin miya amma a bushe.

Shekarun dabba su ke yanke hukuncin gashi ko dahuwa, kuma gwanin kuku da hannu yake ganewa. Makwarwar bana, wadda ake kira perdreau, ƙasan bakinta yana lanƙwasuwa idan aka danna, gashin ƙarshen fiffikenta mai tsini ne. Ita ake gasawa minti 15 zuwa 20 a oban mai zafi sosai. Ta bara gashin ya zama mai da'ira, bakin ya ƙeƙashe, sai dai a dafa ta da kabeji har ta saki. Zomo matashi kunnensa yana yagewa cikin sauƙi kamar takarda. Namijin babbar barewa da aka harbe lokacin barbara, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, namansa yana da warin da babu jiƙon da ke fitar da shi duka.

Batun wari yana buƙatar gyara, don nan mutane suka fi kuskure. A da Faransawa sukan rataye faisan da gashinsa da kayan cikinsa har ya fara sauya launi, al'adar da suke kira faisandage. Wannan ta kusa ɓacewa. Yau kwanaki kaɗan ake ajiye nama a sanyin digiri 2 zuwa 4 don ya yi laushi. Ƙarni mai tsanani a faranti yawanci alama ce ta aikin da bai yi kyau ba a daji: harsashi ya fasa tumbi, ko an yi jinkirin fitar da kayan ciki, ko an jibga gawarwaki a bayan mota da ɗuminsu.

Abin da ke cikin tukunya

Tunda naman ba shi da kitse, girkin Faransa na gargajiya aro yake yi, kuma wurin alade yake arowa. Ana naɗe ƙirjin tsuntsu da siririn fallen kitsen alade kafin gashi, shi ake kira bardé. Ana soya 'yan gutsattsarin naman alade, lardons, a gindin tukunyar dahuwa. Terrine da pâté, niƙaƙƙen naman da ake ci da sanyi kafin babban abinci, ko da sunan barewa ko zomo aka rubuta, kusan kullum akwai naman alade mai yawa a ciki, don in babu shi ba za su haɗe ba.

Na biyu giyar inabi. Civet, girkin naman dajin da ake yawan gani a allunan bistro, ana fara shi da jiƙa zomo mai kilo uku a kwalba guda ta jar giya, santilita 75, da karas da albasa da ganyen ƙamshi, awa 12 zuwa 24. A tsame, a tsane sosai don jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa, a soya, a barbaɗa fulawa cokali biyu, a mayar da ruwan jiƙon a dafa.

Na uku jini. Civet na asali da jinin dabbar ake ɗaure miyarsa. Ana tara jinin lokacin fiɗa, a ɗiga masa ruwan khal don kada ya daskare, a ajiye. Idan nama ya nuna sai a sauke tukunya, a ɗebi miya mai zafi ludayi ɗaya a dama da jinin, a juye a tukunya ana motsawa. Miyar takan yi kauri, ta yi baƙi tana sheƙi. Idan aka bari ta tafasa bayan haka, jinin ya tsinke ya zama gudaji-gudaji, aikin yini guda ya lalace. Da yake zomon da ke zuwa a daskare ba ya zuwa da isasshen jini, wasu masu girki da jinin alade suke cikawa.

Sarkin wannan fanni shi ne lièvre à la royale, kuma iri biyu ne da masoyansu ke jayayya a kai. Ɗaya ana zare ƙasusuwan zomo a cusa masa hantar agwagwa mai kitse da truffe, wani dangin laimar kwaɗi mai tsada da ke fitowa a ƙarƙashin ƙasa, a naɗe a dafa a yanka fala-fala. Ɗayan na Sanata Aristide Couteaux ne, wanda ya wallafa shi a jaridar Le Temps a 1898: zomo da tafarnuwa da ƙananan albasa masu ɗimbin yawa da jar giya, a dafa sa'o'i har ya narke a ci da cokali. Dukansu da jini ake gamawa. Aikin yakan ci kwana biyu ko fiye, shi ya sa bistro da yawa sai an yi oda tun kafin a zo, kuma shi ya fi komai tsada a allon.

Miyar poivrade romon ƙashi ne da giya da ruwan khal da masoro. Idan aka ƙara mata kirim da zaƙin 'ya'yan itace sai ta zama grand veneur, wadda ake zuba wa barewa.

Ga Musulmi maganar ba ta tsaya kan alade da giya da jini ba. Naman nan da bindiga aka kashe shi, ba yanka ba. Malamai da yawa sun halatta abin da aka harba idan maharbin ya ambaci sunan Allah, mafi yawansu kuma sun yarda da farautar Ahlul Kitabi. Amma a mashhurin mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, an sharɗanta maharbin ya zama Musulmi. A bistro babu hanyar sanin wanda ya ja kunamar bindigar.

Lafiya: tsutsa da dalma

Aladen daji na iya ɗauke da tsutsar trichine, wadda ke shiga tsokar mutum ta kawo zazzaɓi da kumburin fuska da ciwon jiki. Doka ta wajabta a kai yankin naman kowane alade ɗakin gwaji kafin a sayar. Daskarewa a firiza ba ta da tabbas wajen kashe irin da ke jikin na daji, sai dahuwar da ta kai digiri 71 har tsakiya. Zomo kuma yana iya ɗauke da cutar tularémie, wadda ta fi kama mai fiɗa da hannu tsirara, don haka ake sa safar hannu.

Abin da ba a cika faɗa wa mai ci ba shi ne dalma. Ƙwayar harsashi da haƙori ke cin karo da ita a ƙirjin makwarwa ana ganinta a tofar. Harsashin babbar dabba kuwa tarwatsewa yake yi ya bar ɓurɓushin da ido ba ya gani, nesa da inda ya shiga, kuma jiƙo mai tsami yana ƙara narkar da shi cikin miya. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa, ANSES, ta ba da shawarar manya su taƙaita cin naman manyan dabbobin daji zuwa kamar sau uku a shekara, yara da matan da ke shekarun haihuwa kuma su guje shi. Wanda ke ci sau ɗaya da kaka bai shiga wannan haɗari sosai ba. Iyalan mafarauta da firizarsu ke cike, su shawarar ta fi shafa. An hana harbi da ƙwayar dalma a fadamu da bakin ruwa a Faransa tun 2006, irin wannan doka ma ta fara aiki a Tarayyar Turai a Fabrairun 2023, amma a tudu har yanzu ana amfani da ita.

Su wa ke jayayya, kuma a kan me?

Mafarauta da masu abinci da dama suna cewa dabbobin nan dole a rage su ko ana so ko ba a so, saboda gonaki da ƙananan itatuwan daji da haɗarin mota. Tunda za a kashe su, barin naman ya lalace alhali ana sayo wani daga ƙarshen duniya wauta ce. Wannan hujja tana da ƙarfi a kan alade da barewa, kuma ita ce ta fi cancanta a yi aiki da ita: a ƙara wuraren tattara nama da ɗakunan sanyi a karkara.

Masu kare dabbobi da tsuntsaye suna amsawa cewa mafarautan da ke kiran kansu maganin yawan aladu suna cikin waɗanda suka haddasa shi da ciyarwa. Suna kuma cewa sakin tsuntsun keji don a harbe shi ba shi da alaƙa da daidaita daji, kuma a nan gaskiyarsu ce. Mazauna karkara da masu yawon daji suna da nasu kukan, na tsoron harsashi a ranakun hutu, har suka nemi a hana farauta ranar Lahadi, gwamnati ta ƙi a shirin da ta fitar a farkon 2023.

Mai zama a tebur abin da ke hannunsa shi ne tambayar mai kawo abinci. Sauvage ne ko na kiwo, daga wace ƙasa, kuma sabo ne ko daskararre. Wanda ke guje wa alade da giya da jini ya ambace su ɗaya bayan ɗaya: porc (alade), lard (kitsen alade), vin (giya), sang (jini), domin mai kawo abinci yakan ce babu alade yana nufin babu tsokarsa, ya manta da kitsen da aka naɗe tsuntsu da shi. Civet da terrine da lièvre à la royale ba sa gyaruwa, an riga an dafa su tun jiya. Abin da kuku zai iya sauyawa nan take shi ne gasasshen gadon bayan barewa ko ƙirjin agwagwa, a soya da bota, a kawo ba miya, da marron da kabeji a gefe, shi ma kabejin a tambaya da me aka dafa shi.